Amsa: Da gaske an taɓa ɗaure Mizzy saboda barkwancin TikTok?

Malam, ka tambaya ko barkwanci kawai ya kai yaron nan na Landan kurkuku. An ɗaure shi kam, amma taurin kai ne ya ja masa.

Sunansa na gaskiya Bacari-Bronze O'Garro. Yakan faɗa gidan mutane ba sallama yana ɗaukar bidiyo, har karen wata dattijuwa ya taɓa sura ya ruga da shi, wai wasa! A watan Mayun 2023 kotu ta ci shi tara, ta kuma hana shi ɗora bidiyon kowa sai da izinin mai shi. Ko kwana biyu bai yi ba ya koma ruwa. Saɓa umarnin nan ya sa alƙali ya yanke masa makonni 18 a gidan kangararrun matasa a watan Nuwamba.