Amsa ga ƙanina mai son zama farfesan kimiyyar haske da kwantum

Salam ƙanina, na ga saƙonka, ka ce ka gama injiniyan lantarki kana so ka fito waje ka karanci kimiyyar haske da fiziks ɗin kwantum har ka kai farfesa, kana tambayar ta ina za ka fara. Wallahi na ji daɗi, namu ba su da yawa a fannin nan.

Da farko dai kar ka bari a sayar da fili saboda PhD. A Amurka irin wannan karatun yawanci su ke biyanka, a yafe maka kuɗin makaranta a riƙa ba ka alawus kana bincike ko taya koyarwa, shekara 5 zuwa 6. Ka duba Jami'ar Rochester, cibiyar hasken su tun 1929 take, a can Donna Strickland ta yi aikin leza na 1985 tana ɗaliba, shi ya kawo mata Nobel a 2018. Akwai Jami'ar Arizona a Tucson, akwai CREOL, wata cibiyar kimiyyar haske a Orlando. In kuma ka ga lissafinka bai nuna ba, nemi diflomar shekara ɗaya ta ICTP, cibiyar fiziks ta ƙasa da ƙasa da ke Trieste, Italiya, don ɗaliban ƙasashe irin namu aka yi ta, da tallafinta.

Amma ka san me aikin yake. Ɗaki ne mai duhu, gilashin kariya a idonka, kana murɗa 'yan madubai a hankali kana ƙoƙarin cusa hasken leza cikin zaren faiba, wato siririn zaren gilashi mai ɗaukar haske, da tsakiyarsa ba ta kai kaurin gashin kai ba, wani hasken ma ido baya gani sai ka sa wani kati mai nuna inda ya sauka, ka wuni kana saiti, gobe ka dawo zafin ɗakin ya ɗan canza komai ya goce, ka koma farko. Wanda ba shi da haƙuri a nan yake gudu. Ni dai ina son aikin nan har raina.

Farfesanci kuwa da sauran tafiya, bayan PhD sai fostdok, wato aikin bincike na wucin gadi, na wasu shekaru, sai ƙaramin farfesa, wajen shekara 6 kafin a tabbatar da kai, kuma yawan lokacinka rubutun neman kuɗin bincike zai ci don ka iya biyan ɗalibanka. Shi ya sa nake cewa ka fi damuwa da wane malami zai duba ka, ka tambayi ɗalibansa halinsa kafin ka amsa.

Yanzu ka koma kan aljabara ta matriks da lissafin Maxwell na lantarki da maganaɗisu, ka koyi yaren kwamfuta na Python sosai, ka shirya jarrabawar Turanci ta TOEFL ko IELTS. Turo min sakamakonka in gani.