Kwatanta tsawon rai tsakanin Marwa da Yawunde

Malam, ka tambayi yadda za ka kwatanta tsawon ran mutanen Marwa da na Yawunde, jiya da yau. Kada ka tsaya a raba yawan mamata da yawan jama'a, garin da yara suka yi yawa zai ruɗe ka. Ka gina jadawalin rayuwa, wato lissafin yawan masu mutuwa da masu tsira a kowane rukunin shekaru, wanda daga shi ake fitar da tsawon rai: rukunin shekaru biyar-biyar, jarirai a ware, don nan ne mutuwa ta fi yi mana ɓarna. A ƙauyukanmu ana kai mamaci makwancinsa ba takarda, shi ya sa na fi yarda da hanyar Brass: a tambayi uwa nawa ta haifa, nawa ke raye. Duba binciken DHS, wato binciken jama'a da lafiya da ake yi gida-gida, na Kamaru na 2004 da 2018. Hanyar lissafi ta Arriaga kuma za ta nuna maka rukunin shekarun da ya kawo bambancin.