Zanenka na hanyoyin albasa, da abin da ka bari a baya

Ɗana, na duba takardar da ka aiko mini. Ka yi wa kowace kasuwa ɗigo, tun daga Goronyo da Wurno da Sakkwato da Aliero, zuwa Illela da Ƙonni, har Shasha ta Ibadan, sannan ka ja layi duk inda mota ke bi. Da ka goge Illela sai rabin zanen ya yanke, shi ne kake tambaya: me ya sa da aka rufe iyakar Najeriya da Nijar a 2023 ciniki bai mutu ba kamar yadda takarda ta nuna, kuma ko mutum zai iya hango inda kaya za su karkata tun abin bai faru ba?

Dabarar goge ɗigo a ga abin da zai biyo baya mai kyau ce, kada ka sake ta. Ka ambaci aikin masanin kimiyya Barabasi da abokansa na shekarar 2000, cewa tsarin da cibiyoyi kaɗan suka riƙe yawancin layuka yana jure rasa ƙananan ɗigo masu yawa, amma a taɓa babbar cibiya sai ya wargaje. Wannan gaskiya ne, duk ɗan kasuwa ya gani da idonsa.

Matsalar zanenka ita ce layukan duka na kwalta ne. Bi tirela ɗaya da ni ka gani. Ina lodi a Goronyo ban gama biyan manomi ba, dillali ne ya tsaya mini. Direba ya karɓi rabin kuɗin mota, sauran sai ya sauke. A can kudu maigidan da ke karɓar kayan ya raba wa mata masu kiri, su ma sai sun sayar su kawo. Kafin kuɗin su dawo hannuna na riga na sake wani lodin. Kowa a cikinmu yana riƙe da dukiyar wani, bashi hanji ne, yana cikin kowa. Saboda haka sake zane: ɗigo ya zama mutum, layi kuma ya nuna wanda zai ba wani kaya ba kuɗi a hannu. Kaurin layin shi ne buhu nawa zai iya sakar masa, sannan ka sa kibiya ka nuna wa ke bin wa.

Yanzu ka duba 2023 da wannan idon. Sojoji sun hamɓarar da Bazoum ranar 26 ga Yuli, ECOWAS ta sa takunkumi ranar 30, aka garƙame ƙofar Illela. Manyan 'yan kasuwa masu cika tirela su suka fi jin jiki, domin kayansu ba su da hanyar da ta wuce ƙofar nan. Albasa kuwa ba ta jira. In ta kwana biyu cikin buhu a mota, ga damina ga zafi, za ka fara jin wari, ka ga ruwa yana ɗiga ta ƙasan bodi, wadda ta tsira kuma ta fara fitar da tsiro. Motocin albasar Nijar da suka nufi Gana haka suka maƙale a iyakar Jamhuriyar Binin. Amma mutumin Illela da na Ƙonni dangi ne, akwai auratayya, akwai wanda gonarsa ma ta ratsa iyakar. Ƙaramin ɗan kasuwar da da can ba a lissafa shi, mai ƙane a wancan ɓangaren, shi ya koma cibiya. Kaya suka riƙa tafiya kaɗan-kaɗan a babur da amalanke ta ɓarauniyar hanya, kowane hannu yana cire nasa, farashi yana hawa. Ba yaba fasa-ƙwauri nake ba, kuma ban yarda ka sa ƙafa a ciki ba. Ina nuna maka ne cewa siraran layukan da ba ka zana ba su ne suka ɗauki nauyin da kwalta ta ajiye.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi a wurina. Kai kana ɗauka in ka mayar da ɗigon da ka goge, zane zai koma yadda yake. Ba ya komawa. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Najeriya ta buɗe iyakarta a Maris, amma Nijar ta bar gadar Gaya da Malanbil, wadda ta haɗa ta da Jamhuriyar Binin, a rufe, kayan da suka saba shigowa ta Kwatano suka koma Lome suna ratsa Burkina Faso da rakiyar sojoji. Nijar da Mali da Burkina sun ƙulla ƙawancensu na AES a Satumbar 2023, kuma a Janairun 2025 ficewarsu daga ECOWAS ta tabbata. A ƙasa ma haka abin yake. Wanda ya samu sabon abokin ciniki lokacin ƙunci, yanzu akwai bashi tsakaninsu, akwai halacci, ba zai juya masa baya don an buɗe ƙofa ba.

Kakanninmu fataken goro sun riga mu gani. Ayari kan tashi daga Sakkwato da Jega, ya bi ta Yawuri da Borgu har Salaga a ƙasar Gwanja. Bayan Turawan Ingila sun ci Asante da yaƙi a 1874, goro ya fara karkata zuwa Kintampo, yaƙin basasar Salaga na 1892 kuma ya watsa fatake zuwa Kete Karachi da wasu garuruwan. Daga baya goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Legas, jirgin ƙasa ya kai shi Kano tun daga 1912. Salaga ba ta sake zama abin da take ba, amma Hausawan zango suna nan a Gana, wasunsu ma su ke karɓar albasarmu yau.

Sannan ka riƙa tambayar kanka mene ne ainihin abin da ya yanke, don ba kowace masifa ke goge abu ɗaya ba. Rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 hanya ya yanke. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 tsabar kuɗi ya ɗauke, sai layukan bashi suka ƙara kauri, manomin ƙauye da ba shi da asusun banki ya ba wanda ya sani kaɗai. Katse layin waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan ta Sakkwato a Satumbar 2021 labarin farashi ya toshe, mutum ya yi lodi bai san yadda kasuwa ta kwana ba. Rikicin Shasha na Fabrairun 2021 kuwa amana ya taɓa, kuma ita ce ta fi daɗewa ba ta warke ba, domin hanya tana buɗe amma zuciya ba ta yarda a saki kaya ba.

Kan tambayarka ta hangowa: ranar da abin zai faru babu zanen da zai gaya maka, wannan sanin Allah ne. Wanda zai rage a tsaye in ya faru, wannan ana iya gani. Ɗauki littafin bashinmu na bara, ka fitar da kowane suna, ka zana shi yadda na ce. Sai ka goge maigidanmu na Ibadan ka ƙirga mini buhu nawa suka rasa mai karɓa, kuma nawa ne daga ciki za su iya zama a rudu, wato wurin ajiyar albasa, har wata biyu. In adadin ya wuce rabin abin da muke lodi, wannan kakar zan tura ka Onica da ƙaramin kaya wurin wani mutum na daban, ko da ribar ba ta kai ta Ibadan ba, ka zauna a rumfarsa har ya san fuskarka.