Dabaro ba ƙasar gini ba ce

Wato tambayarka ita ce, don me muke biyan masu amalanke su je har tudu su ɗebo mana jar ƙasa, alhali ga baƙar laka nan a bakin fadama, taku kaɗan daga wurin aiki, kuma a ganinka ta fi danƙo. Har kana cewa ka matsa ta a hannu ka ji ta kama kamar ƙaro. To madalla, ka gano abin da ya gagari kakanninmu. Shekara uku kana bina kana cilla mini tubali, sai yau ka tuna kana da baki, da ka tashi buɗe shi kuma sai ka fama mini tsohon miki. Sa wayar nan a aljihu ka zauna.

Wadda kake kira baƙar laka, sunanta dabaro. Da bazara je ka tsaya a tsakiyar fadamar ka dubi ƙasan ƙafarka. Za ka tarar ta dare gida-gida kamar bayan kunkuru, wata tsagar ka zura hannu har gwiwar hannu ba ka taɓo ƙarshenta ba. Ni da idona na ga an ciro ɗan akuya da karyayyar ƙafa daga irinta. Ranar da aka yi ruwan fari, ruwan ba ya ko tsayawa a sama, zurarewa yake yi cikin tsagogin kamar ana ɗura tulu. Ka ba ta kwana biyu uku. Sai ta sha ta kumbura, bakunan su haɗe, daga nan kuma ko ɗigo ba ta ƙara karɓa, ruwa ya kwanta a kanta har kwaɗi su tare. Wanda ta riga ta sha kuwa ba ta sakinsa da wuri. Sama ta bushe ta yi ɓawo, ka tona taƙi ɗaya ka same ta jagab. Shi ya sa mai shinkafa yake sonta, haka mai alkama da rani. Mutanen Borno ma a irinta, da suke kira firgi, suke dasa masakwa bayan ruwa ya ɗauke, ta yi kai ta nuna da laimar da ƙasar ta ɓoye. Manomi ya gode wa Allah da ita. Magini kuwa, me zai yi da ƙasar da girmanta na damina daban, na rani daban?

Jigawa, wadda jihar nan ta ci sunanta, ita kuma akasin haka ce. Ta sha ruwa yanzu, an jima ka taka ba ta ɓata maka takalmi. Gero da gyaɗa da riɗi suna jin daɗinta, amma ka dunƙula tubali da ita, yana bushewa ka murje shi da yatsa. Jar ƙasar da muke biya a kawo, mai birji, ita ce ta haɗa: akwai ɗan yumɓun da zai riƙe, akwai yashi da tsakuwar da za su hana ta motsi. Yadda ake kwaɓa ta, da zuba ramno, ciyawar nan da ake cuɗawa a ciki, da barinta ta ruɓa, ba zan ɓata yawuna a kai ba, jakin da yake kawo mana ruwa ma ya haddace.

Bari dai in gaya maka abin da dabaro ta ci mini.

Shekarar da aka ba mu jiha, 1991, kuɗi suka fara shigowa hannun wasu mutane a ƙauyukan nan. Akwai wani Alhaji a wani gari can gefen kogin Haɗeja, ba zan kama sunansa ba, 'ya'yansa suna nan. Ya samu harkar takin zamani, ya ga zauren ubansa ya yi masa kaɗan. Ya aiko aka kira ni bayan kaka, yana son zaure babba mai ɗaurin guga, wato rufin da bakuna suke haɗuwa a tsakiya, da shigifa biyu a bayansa. Lokacin babana, Allah ya jiƙansa, bai daɗe da sakar mini aiki ba, kaina yana hayaƙi, ina ganin in na ɗaure wannan zauren an gama sanina daga Ringim har Haɗeja. Muka yi ciniki kashi uku: kafin alƙalami, da na tsakiya in gini ya kai rufi, na ƙarshe kuma sai ginin ya ga damina. Na ce ƙasa daga kududdufin tudu za a kawo, na je da ƙafata na nuna ramin. Ya ce in bar masa wannan, yana da masu jakuna, zai fi samun sauƙi. Na yarda. Nan na fara faɗuwa ban sani ba.

Kwana huɗu da fara ɗiban ƙasa aka aiko mini ƙanwar babata ta rasu. Na tafi, sai da aka yi sadakar bakwai na dawo. Na tarar yara sun kwaɓa, sun dunƙula tubali jere-jere sun cika fili, Alhaji yana zaune a kujera yana ta yaba musu. Na ɗauki guda. Wallahi har yau ina jin nauyinsa a hannuna. Launinsa ba ja sosai ba, ya yi duhu kamar hantar da ta kwana, jikinsa da ɗan sheƙi, ga wasu siraran tsagogi kamar gashi sun zagaye gindinsa. Na goga farce, wurin ya yi santsi yana ƙyalli. Zuciyata ta ce mini akwai magana. Na tambayi Alhaji, ya ce ai ramin ne aka yi zurfi, ƙasar ciki ta fi duhu, tsagar kuma iskar hunturu ce ta busar da su da gaggawa. Ka san hunturu yana yin haka, to sai na kama wannan na riƙe, don ita nake son ji. In na ce a rushe tubali dubbai a sake, wa zai biya? Ga bazara tana tahowa. Ga mutanen gari suna zuwa kallon ɗan magini da zai ɗaure guga.

Na gina. Kuma ban yi ƙarya ba, zauren ya yi kyau. Bakan gizo huɗu suka haɗu a tsakiya ba wanda ya fi wani, azara ta giginya ce zaɓaɓɓiya, na shafe bayansa da makuba har yana ɗaukar ido, na fitar masa da zankwaye. Hakimi da ya zo wucewa sai da ya tsaya ya duba.

Damina ta fari, ƙofar zauren ta fara cijewa, sai an sa kafaɗa. Aka ce katako ne ya sha iska. Na je karɓar cikon kuɗina da kaka, Alhaji ya ce in bari ya sayar da taki. Da rani ya tsaya sosai sai ga tsaga ta taso daga kusurwar ƙofa ta yi sama a karkace, ta ƙetare har gindin baka. Bai aiko mini ba, don ya san in na zo zan tambayi kuɗina. Ya sa yaransa suka cusa taɓo suka shafe. To ka ga abin da yake faruwa a ciki: bangon da kansa yana kumbura yana tsukewa, makubar da na shafa ta saki jiki ta fara ɓamɓarowa, bakin azara da na binne a bango ya samu wurin wasa. Damina ta biyu, cikin Agusta, aka kwana ana ruwa. Ruwa ya bi tsagar nan ya shiga cikin bango, dabaro ta samu abin da take so. Wajen asuba rufin ya zauna. Allah ya taƙaita, almajiran da suke kwana a ciki sun tashi sun tafi masallaci. Amma buhunan takin da ya tara a ciki yana jiran tsada, duk suka narke suka bi ruwa.

Aka kai ni gaban dagaci, daga nan gaban hakimi. Ina tsugune, Alhaji yana zaune a kan buzu da carbi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ɗan kasuwa ne, ina na san ƙasa? Magini shi ya gani, shi ya ɗora." Aka juyo aka tambaye ni, ka ga tubalin kafin ka ɗora? Na ce na gani. Ka ga alamar aibu? Ƙarya ba ta fito mini ba, na ce na gani. Shi ke nan shari'a ta ƙare. Cikon kuɗina ya bi ruwa, aka kuma ɗora mini rabin asarar ginin. Bijimai biyu nake da su na huɗa, na kora su kasuwar Gujungu da kaina. Ɗayan, wani fari mai baƙin kunne, tun yana maraƙi nake ba shi dusa a hannu. Shekara biyu ba wanda ya kira ni ko gyaran katanga a yankin nan. Sai Kano na tafi cin rani, ina kwaɓa wa wasu siminti, yaran da ba su san bambancin birji da marmara ba suna yi mini tsawa.

An fi shekara goma sannan na haɗu da ɗaya daga cikin masu jakunan, ya tsufa, ya ce in yafe masa. Ya ce ranar da na tafi gaisuwa Alhaji ya tara su, ya ce tudu ya yi nisa, kowane mangala ɗaya na jar ƙasa a haɗa da biyu na bakin fadama, a cuɗe, a ƙara ramno yadda ba za a gane ba. Mai jaki na yafe masa, talaka ne, abin da aka sa shi ya yi. Alhajin ya rasu, na je gaisuwa don kada a ce, na yi addu'a da baki. Kuɗina dai suna wurinsa, za mu haɗu.

Kai kuma yanzu ka zo kana ce mini ta fi danƙo. Danƙon nan shi ne ciwon. Duk ƙasar da ka murza a tafin hannu ta yi igiya doguwa, ka lanƙwasa ba ta karye ba, yumɓunta ya yi wa gini yawa, kai wa masu tukwane, su ma sai sun sirka ta kafin ta jure wuta. Sa kaɗan a baki. In ba ka ji tsakuwa tana ƙaras-ƙaras a haƙori ba, sai santsi kamar sabulu, tofar ka bar wurin. In kuma har yanzu kana shakka, dunƙula tubali uku ka ajiye kwana uku, biyu a rana, ɗaya a inuwa. Wanda ya tsage a rana kaɗai, iska ce. In na inuwar ma ya tsage, ƙasar ce. Wannan gwajin na kwana uku shi na kasa yi, na biya da shanu biyu.

Ku yaran yanzu kuma da an yi magana sai ku ce ai zamanin ginin ƙasa ya wuce, bulo za ku koya. Ku koya mana, wa ya hana? Amma dabaro ba ruwanta da siminti. In a kanta ka kafa harsashi, da damina gefen gini ya jiƙa ya ɗaga, da rani gefen ya bushe ya sauka, tsakiyar ɗaki kuma tana nan da laimarta ba ta motsa ba. Bulo ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi. Je ka dubi ajujuwan makaranta da shagunan da aka yi a bakin fadamu, ka ƙirga waɗanda tsaga ba ta taso musu daga kusurwar taga ba. Ginin ƙasa ma ya fi haƙuri, ka cusa ka shafe. Da aka yi ambaliyar 2022 gidajen ƙasa suka yi ta zubewa a jihar nan, kowa ya ce laifin ƙasa ne. Ruwan da ya kwana a gindin bango ba ya barin kowa, na yarda. Amma masallacin da Babban Gwani ya gina a Zariya ya doshi shekara ɗari biyu, bakunansa suna tsaye, shi ma da ƙasa aka yi shi. Wace ƙasa, kuma a kan wace ƙasa, wannan ba mai tambaya.

In wata rana dole ta sa ka gini a kan dabaro, don wani duk filin da ya gada ke nan, to haƙa harsashi har sai launin ƙasa ya sauya a bakin shebur, ka cike da yashi da marmara ka daddale, ka ɗaga gindin ginin sama da inda ruwa yake kwanciya. Zagaye shi da dakali mai gangare. Indararo ya zama dogo, ya watsa ruwa nesa, ba ya tsiyaya a gindin bango ba. Kada ka bari matan gida su yi wurin wanke-wanke a jikinsa, kada kuma a dasa darbejiya ko turare kusa, saiwarsu tana tsotse laimar gefe ɗaya ta bar ɗayan. Kuma ƙasar tubali kai za ka tsaya a bakin rami a loda a gabanka, ko uban wa ya ce yana da masu jakuna. In rasuwa aka yi maka, a dakatar da ɗiba sai ka dawo.

Ga amalanke can ta shigo. Tashi ka zura hannu har ƙasan lodin, ba saman ba, ka ɗebo mini dunƙule ɗaya in gani kafin su juye.