Amsoshin Tambayoyi: Manhajar Imel Ta Ƙi Aiki, Me Ya Cancanci a Saya?

Tambayoyin wannan mako sun shafi manhajojin imel da ake sakawa a kan kwamfuta, irin su Outlook da Thunderbird, kuma kowane mai tambaya ya zo da abin da aka ce masa ya saya domin matsalarsa ta kau. Kafin kowa ya zare kuɗi daga aljihu, ya fara buɗe akwatin imel ɗinsa ta burauza. Idan ya buɗu, saƙo yana shiga yana fita, to asusun lafiya lau yake, intanet ma haka, matsalar tana cikin manhajar ko cikin kwamfutar.

Wata sakatariyar ƙungiya daga unguwar Plateau a Yamai ta rubuto cewa: An kawo mana kwamfuta mai Outlook 2013, mun haɗa ta da adireshinmu na Gmail, amma kullum sai ta nemi kalmar sirri, kuma ko mun rubuta daidai ba ta karɓa. Mai gyara ya ce sai mun sayi sabon Office. Haka ne?

Malama, kalmar sirrinku ba ta da laifi. Tun ranar 30 ga Mayun 2022 kamfanin Google ya daina barin manhajoji su shiga asusun Gmail na ɗaiɗaikun mutane da adireshi da kalmar sirri kawai, kuma a 2025 dokar ta kai ga asusun kamfanoni da ƙungiyoyi. Abin da yake buƙata yanzu shi ne tsarin da ake kira OAuth, inda manhajar take buɗe shafin Google, mutum ya shiga a can, ya ba ta izini. Outlook 2013 bai san wannan hanya ba, shi ya sa yake ta maimaita tambaya ɗaya.

Akwai mafita da ba ta cin ko dala. Ku shiga asusunku na Google ta burauza, ku kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wadda take aiko da lamba a wayar salula, sannan ku nemi kalmar sirri ta musamman ga manhaja. Google zai ba ku haruffa 16, su ne za ku saka a Outlook a maimakon kalmar da kuka saba. Idan adireshin na ƙungiya ne kuma wani ne yake kula da shi, mai yiwuwa sai shi ya buɗe muku wannan dama.

Duk da haka, ba zan ce mai gyaran ya yi kuskure gaba ɗaya ba, domin Microsoft ya daina yi wa Office 2013, rukunin manhajojin da Outlook ɗinku yake ciki, gyaran tsaro tun Afrilun 2023, kuma imel ita ce ƙofar da mafi yawan miyagun fayiloli suke shigowa ta cikinta. Sai dai ku tambaye shi wane Office zai sayar muku, saboda Office 2016 da 2019 su ma wa'adinsu ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma abin da ake yawan saka wa mutane a shaguna da sunan sabo, kwafi ne da aka fasa makullinsa, wanda ba shi da lasisi. A ganina, idan aikin ofishinku karɓar saƙo ne da aikawa da ajiye adireshi, Thunderbird ya wadatar. Kyauta ne, yana da Faransanci, ya san OAuth, kuma ana ci gaba da sabunta shi. Sayen lasisin Microsoft 365 ko Office 2024 yana da ma'ana ne idan kuna raba kalandar taro da abokan hulɗa masu aiki da Outlook, ko kuma kuna buƙatar sabon Word da Excel tare da shi.

Wani Alhaji mai fataucin albasa daga Tawa ya ce: Ina karɓar saƙo lafiya, amma takardun kaya da hotunan buhuna da nake aika wa abokan ciniki a Abijan sun maƙale, ba sa fita. In sayi babban forfe na intanet?

Ranka ya daɗe, a dakata da sayen tukuna. Manhajar imel tana karɓa ta hanya ɗaya, tana aikawa ta wata hanya dabam mai suna SMTP, don haka ɗaya tana iya aiki ɗayar ta tsaya. Abin da na fi zargi shi ne nauyin hotunan. Gmail ba ya ɗaukar abin haɗawa da ya wuce megabait 25 a saƙo guda. Saƙo ɗaya mai nauyi idan ya tsaya a akwatin fita, wanda manhajar Faransanci take rubuta wa «Boîte d'envoi», yana iya tare waɗanda suke bayansa.

Ku sa manhajar a yanayin aiki ba tare da intanet ba, wato «Travailler hors connexion», ku fitar da saƙon mai nauyi daga akwatin ko ku goge shi, sannan ku mayar da ita kan layi. Hotunan kuma a rage girmansu, ko a ɗora su a Google Drive a aika da mahaɗin kawai. Idan ƙaramin saƙo marar hoto ma ya ƙi fita, a duba saitin aikawa: na Gmail shi ne smtp.gmail.com, a ƙofa mai lamba 587 ko 465, tare da kunna tsaro da kuma alamar da ke cewa aikawa tana buƙatar shiga da suna. Wanda ya tarar da lamba 25 a wurin ya canza ta, domin kamfanonin intanet da yawa suna toshe ta saboda masu watsa saƙonnin banza. Babban forfe ba zai ɗaga iyakar megabait 25 ba.

Wani malamin makaranta daga Bukoki ya rubuto: An ɗauke wuta ina cikin aiki, tun daga ranar Outlook yake cewa fayil ɗin bayanai ya lalace. Ga kuma wani gargaɗi game da takardar tsaro da yake fitowa. An ce mini a goge kwamfutar a sake saka komai, ko in sayi wata. Saƙonnina na shekaru suna ciki.

Malam, kada ku bari a goge komai sai kun san inda saƙonninku suke zaune, kuma wannan ya danganta da yadda aka haɗa asusun tun farko. Idan da IMAP aka haɗa shi, asalin saƙonnin yana can a manyan na'urorin kamfanin imel, abin da ke kwamfutarku kwafi ne cikin fayil mai ƙarshen .ost, wanda Outlook yake iya sake ginawa. Idan kuwa da POP ne, manhajar tana sauko da saƙonnin cikin fayil mai ƙarshen .pst, kuma a saitin da Outlook yake zuwa da shi tana share su daga can bayan kwana 14. Ke nan mai yiwuwa wannan fayil guda shi ne kaɗai wurin da tsofaffin wasiƙunku suka rage a duniya, kuma goge kwamfutar zai tafi da shi. Ko mai IMAP ya yi hattara, domin adireshin mutane da kalanda sukan zauna a kwamfutar kaɗai.

Ku rufe Outlook, ku shiga «Documents», ku nemi dosiyen «Fichiers Outlook», ku kwafe fayil ɗin .pst zuwa kile USB ko faifan ajiya na waje. Bayan kwafin ya kammala ne za ku buɗe SCANPST.EXE, wata ƙaramar manhajar gyara da take zuwa tare da Office, ku nuna mata fayil ɗin. Wani lokaci sai an maimaita sau biyu ko uku kafin ta ce babu sauran kuskure. Idan Outlook ya ci gaba da gardama, ku danne Ctrl yayin buɗe shi domin ya tashi ba tare da ƙarin kayan da aka liƙa masa ba, saboda sau da yawa ɗaya daga cikinsu ne yake hana shi tashi.

Gargaɗin takardar tsaro kuwa, ku dubi kwanan wata a ƙasan allo. A cikin kwamfutar tebur akwai ɗan batir mai kama da kwabo, lambarsa CR2032, wanda yake riƙe agogo idan babu wuta. Idan ya mutu, kwanan wata yakan koma shekarun baya bayan kowace ɗaukewar wuta, manhajar kuma ta ga kamar takardar tsaron kamfanin imel ba ta fara aiki ba, sai ta ƙi amincewa da ita. Batirin yana samuwa wurin masu gyaran agogo da masu kayan lantarki, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba.

A nan ne nake ganin kashe kuɗi ya dace. Wanda yake aiki da kwamfutar tebur a Yamai, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafi yake tsananta wuta take yawan yankewa, ondiler, wato na'urar batir da take riƙe wa kwamfuta wuta na ɗan lokaci idan an ɗauke, ya fi masa sabuwar kwamfuta amfani, domin mintocin da batirinsa yake bayarwa sun isa a rufe Outlook a kashe na'ura cikin tsari, kuma yankewar wuta lokacin da manhajar take rubutu a fayil ita ce take lalata shi. Wajen saye ku tambaya ko ana samun batirin canji a gari, tunda zafi yana gajarta rayuwar batir, kuma kada ku jona masa firinta mai aiki da leza, wadda take jan wutar da ta fi ƙarfin ƙaramin ondiler. Sai faifan ajiya na waje, wanda za ku riƙa kwafe fayil ɗin a kai duk ƙarshen mako, kuna cire shi daga kwamfutar bayan kun gama.

Wata mai karatu daga Yantala ta ce saƙonni sun daina shigo mata, an ce akwatinta ya cika, tana tambaya ko ta sayi ƙarin wuri.

Hajiya, gigabait 15 da Google yake bayarwa kyauta, Gmail da Drive da Google Photos ne suke raba shi, kuma galibi hotuna da bidiyon da waya take ɗorawa da kanta su ne suke cinye shi. Ku shiga ta burauza ku ga wanne ya fi ci. A wurin nema na Gmail ku rubuta larger:10M domin manyan saƙonni su fito, ku goge waɗanda ba ku buƙata, sannan ku zubar da kwandon shara, tunda abin da ke cikinsa yana ci gaba da cin wuri har kwana 30. Idan bayan wannan shara wurin bai isa ba, kuma hotunan na aiki ne da ba za a iya mayar da su faifan waje ba, to biyan Google One ya dace, amma ku sani kuɗin wata-wata ne ko na shekara, kuma sai da katin banki ko wata hanyar biya da Google yake karɓa.