Sinkin kicin ɗina yana yawan toshewa, in ƙara zuba soda ne ko akwai wata hanya?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Shekararmu uku da tarewa a gidan da muke ciki, akwai sinki a kicin da banɗaki biyu. Tun bayan Babbar Sallah ruwan sinkin ya fara tafiya a hankali, yana wani ƙugi kamar ana kurkurar baki. Da sanyin nan ya shigo sai ya tsaya cak, sai ya kwana kafin ya tsiyaye, ga wari. Maƙwabciyata ta ba ni sodar da take haɗa sabulu da ita, na zuba har sau biyu. Ya buɗe na kwana huɗu ya sake toshewa. Yanzu maigida ya ce zai sayo asid a kasuwa. Banɗakunan dai lafiya lau suke. Don Allah me ke jawo wannan, kuma yaya zan yi in rabu da shi gaba ɗaya?

Wata uwargida daga Zariya

Amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin komai, don Allah ki roƙi maigida ya dakata da maganar asid ɗin nan, kada ma ya shigo da shi gidan. Zan faɗi dalili a gaba, amma na sa shi a farko ne don shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki.

Kin taimake ni da kika ce banɗakunan lafiya suke. Abin da mai aikin famfo yake fara tambaya ke nan idan ya shiga gida: wuri ɗaya ne ya toshe ko duka? In da sinki da wurin wanka da masai duk sun yi nauyi a lokaci guda, ko kuwa in an kora masai ruwa ya ɓullo ta rariyar banɗaki, to matsalar tana can waje, a babban bututu ko sokawe ta cika. Naki ba haka ba ne. Toshewar tana tsakanin bakin sinkin da cambar farko da ke bayan kicin, wato ɗan ramin nan mai murfin siminti inda bututun ke zubewa. Tazarar ba ta cika wuce 'yan mitoci ba, saboda haka aikin ba babba ba ne.

Abin da ya toshe shi kuma kin riga kin faɗe shi da bakinki: bayan Sallah ya fara, da sanyi ya tsananta. Maiƙo ne.

Ki dubi kwalbar man ja a kicin ɗinki da safiyar hunturu, yadda take daskarewa sai an ɗora ta kusa da wuta. Kitsen rago ya fi shi ma, don shi ko da zafi ake yi a daskare yake zama, sai zafi ya haura digiri 40 kafin ya narke. Lokacin da ake wanke tukunyar suya da ruwan ɗumi da omo, man yana shiga sinki a narke, sai a ga kamar ya wuce. Bai wuce ba. Yana yin mita ɗaya ko biyu ruwan ya huce, sai ya kwanta a jikin bututun ya manne. Gobe wani ya hau kansa. Shi kaɗai da zai daɗe bai rufe hanya ba, amma yana da danƙo, duk abin da ya zo wucewa sai ya riƙe shi: ƙanzon tuwo, tsakin shinkafa, ganyen shayi, zaren soson ƙarfe. Sai kuma babban abokin tafiyarsa a gidajenmu, wato toka da yashin da ake dirje bayan tukunya da su. Waɗannan ba sa ruɓewa, ba sa narkewa, nauyi gare su, suna samun maiƙo sai su zama kamar kwaɓin gini.

Bututun sinki galibi inci ɗaya da rabi ne, kimanin santimita 4. Na taɓa yanke irinsa a wani gida da ake girki da yawa. Da na ɗaga shi na leƙa ta hasken rana, ƙofar da ta rage wa ruwa ba ta fi kaurin biro ba. Sauran duk wani abu ne ruwan toka mai tauri kamar tsohon sabulu, sai da na sa sukundireba ina ƙwaƙule shi yana faɗowa gutsure-gutsure. Matar gidan ta tsaya tana kallo tana cewa ita ba ta taɓa zuba mai a sinki ba. Gaskiya ta faɗa, ba ta taɓa tuttula shi da gangan ba. Wanda ke jikin kwanuka ne ya taru a shekara biyu. Ko manyan birane ba su tsira ba. A shekarar 2017 an gano wani dunƙulen maiƙo da tsummokaran goge jiki a magudanar ƙarƙashin ƙasa ta unguwar Whitechapel a Landan, tsawonsa mita 250, nauyinsa ya kai tan 130.

Yanzu sai maganar soda. Ki tuna me maƙwabciyarki take yi da ita: tana haɗa ta da mai, ya zama sabulu. To abin da ya faru a cikin bututunki ke nan. Sodar ta huda 'yar ƙofa a tsakiyar maiƙon, ruwa ya samu ya wuce na kwana huɗu, kika ji daɗi. Sauran maiƙon kuma ta mayar da wani sashensa sabulu mai tauri wanda ya fi na da wahalar fita. Yashi da toka kuwa ko gezau, ba ruwansu da soda. An gudu ba a tsira ba. Bayan haka, soda tana haɗuwa da ruwa take ɗaukar zafi sosai, alhali bututun roba na PVC da ake sa wa yawancin gidaje ba a yi shi don zafin da ya wuce wajen digiri 60 ba. Yana iya yin laushi ya lanƙwashe, ko mahaɗarsa ta saki a cikin bango inda ba mai gani sai danshi ya bayyana a fenti.

Asid a kan wannan sodar da ke kwance a bututu shi ne haɗarin. Su biyun suna gamuwa za su tafasa nan take, kuma tunda gaba a toshe take, hanya ɗaya ta rage musu: su yi tsartuwa su dawo ta bakin sinki, daidai fuskar wanda ya sunkuya yana zubawa. Garin neman gira a rasa ido, kuma a nan idon gaske nake nufi. Haka nan in asid ya gamu da bilic irin su Hypo ko Jik, yana tayar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi, ga kicin ɗaki ne ƙarami. In tsautsayi ya sa soda ko asid ya taɓa ido ko fata, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta a wurin na aƙalla minti 20, sannan a nufi asibiti. Kada a shafa mai ko wani abu. Ragowar sodar da ke hannunki kuma ki mayar wa mai ita, kada ta kwana inda yara ke kaiwa, don kama take yi da sukari ko gishiri.

Abin da ya toshe da datti, fitar da dattin ake yi. Ga yadda za ku yi, ke ko maigida.

Tunda akwai soda a ciki, a sa safar hannu ta roba mai kauri, a sa tabarau ko da na rana ne, a buɗe taga, a fitar da yara. A kwashe ruwan da ke kwance a sinkin da kofi a hankali. Ki leƙa ƙarƙashin sinkin, za ki ga wani abu kamar kwalba ko lanƙwasasshen bututu mai kama da gwiwa. Shi muke kira tarap. Amfaninsa shi ne ya riƙe ɗan ruwa koyaushe don warin sokawe da kyankyasai kada su biyo su shigo gida, kuma a nan abu mai nauyi yake fara kwanciya. A tara bokiti a ƙarƙashinsa, a murɗe shi da hannu, yawanci ba ya buƙatar sifana. A kawar da fuska lokacin da zai saki. A juye abin da ke ciki, a wanke shi da tsohon buroshi a cikin wani bokitin daban. A kula da zoben robar da ke bakinsa, shi ke hana yoyo, in ya ɓata ko ya tsage sai an sayi wani.

Wani lokacin a nan aikin yake ƙarewa. Amma yadda kika kwatanta, ina kyautata zaton naki ya wuce tarap ya shiga bututun da ya ratsa bango. A nan sai an sa sifirin, wato doguwar wayar nan mai murɗi da ake samu a shagon kayan famfo. Ana tura ta ne a hankali ana juyawa, in ta ci karo da tauri a ja baya kaɗan a sake turawa, ana zaro ta ana goge abin da ta ɗebo. Kada a sa rodi ko sandar ƙarfe a yi ta zungura, ba ya bin kwana, fasa gwiwar bututun zai yi. A buɗe murfin cambar da ke waje a bi ta can ma, don sau da yawa ta bayan ya fi sauƙin kamawa. Duk abin da ya faɗo cikin cambar a kwashe shi a zubar a shara, kada a kora shi gaba ya je ya toshe inda hannu ba ya kaiwa. In an gama a mayar da tarap, a kora ruwan zafi wanda bai kai tafasa ba, bokiti biyu ko uku, da ɗan sabulun wanke-wanke.

Akwai robar nan mai kama da ƙoƙo da sandar riƙewa da ake dannawa a bakin sinki. Tana aiki sosai a toshewar da ba ta yi nisa ba, kuma yana da kyau kowane gida ya ajiye ta. Amma a wannan karon kada ku taɓa ta, don za ta fantsamo muku ruwan soda. In kuma mai gyara kuka kira, ku gaya masa tun a bakin ƙofa cewa an zuba soda. Haƙƙinsa ne ya sani, don hannunsa da idonsa zai kai wurin.

Haɗin bekin soda (garin nan da ake sa wa kek, ba sodar sabulu ba) da binega da ake ta yaɗawa a bidiyo kuwa, kumfa kawai yake yi. Ba ya cutarwa, ba kuma zai motsa irin wannan maiƙon ba.

Kin ce kina so ki rabu da shi gaba ɗaya. Wannan a wurin wanke-wanke ake yinsa, kuma sai kin zaunar da duk mai taɓa kwanuka a gidan, 'yan mata da mai aiki, kin nuna musu. Man suya da ya saura a juye shi a gwangwani, in ya daskare a zubar a shara. Tukunya mai maiƙo a fara share ta da takarda kafin ta ga ruwa, ko a murje ta da dusa a ba kaji. Tukwanen da ake dirjewa da toka da yashi a wanke su a tsakar gida cikin baho, a bari yashin ya kwanta, a tsiyaye ruwan, laka ta tafi bola. Ranar layya kuwa, wankin kayan ciki da tukwanen suya kada ko ɗaya ya kusanci sinki. Ki sayi 'yar rariyar ƙarfe da ake ɗorawa a bakin sinki, kuɗinta kaɗan ne, ki riƙa kakkaɓe ta kullum bayan wanke-wanken dare. Sau ɗaya a mako ki kora bokitin ruwan zafi, musamman a watannin sanyi. In gidan mai yawa ne ko kina abincin sayarwa, ki sa a gina miki 'yar camba mai tare maiƙo a bayan kicin. Mai yana tasowa sama ne, ruwa ya wuce ta ƙasa, sai a riƙa ɗaga murfi ana yaɗe shi.

Banɗakunanki da suke lafiya, a bar su a haka: gashin da ake tsefewa da ledar omo su ke toshe rariyar wanka, masai kuma audugar mata da famfas da tsumman goge yara. A ajiye kwandon shara mai murfi a ciki. In kuma wata rana sokawe ta cika, a kira motar kwasa. Kada a bar kowa ya shiga ramin, ko don ciro waya ko don buɗe bututu. Iskar da ke ciki tana kayar da mutum cikin daƙiƙoƙi, kuma in ta yi yawa hanci ma daina jin warinta yake yi. Sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma ba ya fitowa.

Saura abu ɗaya da ba laifin kicin ba ne. Bututun ruwan datti yana son gangara, kamar santimita 2 a kowace mita. In wanda ya shimfiɗa shi ya kwantar da shi daidai wa daida, ko ƙasa ta zauna ya yi ciki a tsakiya, ko an cika masa kwana, ko an bar guntun siminti a ciki tun lokacin gini, to ruwa zai riƙa kwanciya a wurin kuma komai kiyayewarki sai ya tara datti. Tun ran gini tun ran zane. Gida mai shekara uku da tarewa yana iya ɗauke da irin wannan. Ga yadda za ki gane. Bayan an gama gyaran, ki toshe sinkin ki cika shi da ruwa, ki sa wani ya tsaya a bakin cambar, sannan ki sake shi. In ruwan ya yi juyi ya wuce da ƙarfi, ya fito can a dunƙule kuma ya ɗauke da wuri, bututun lafiya yake. In ya fito a sanyaye, ya daɗe yana ɗiga bayan sinkin ya ƙare, ko kuwa ya sake nauyi cikin wata ɗaya ko biyu duk da kina kiyaye maiƙo, to a kira mai aikin famfo ya zo da ma'aunin lebur, a tone wannan 'yar tazarar a sake shimfiɗa ta da bututu mai inci 2, a sa mata wurin buɗewa a kwanar da ta fita daga bango don sifirin ya samu mashiga nan gaba.