An Cire Amfanin Damina, Me Za a Shuka Yanzu?

Wata baiwar Allah daga Rigasa ta rubuto cewa ta karye masararta, kuɓewa ma ta tsufa a ɗan filin bayan gida. Ruwanta na rijiya ne, tana tambayar irin da za ta saya a wannan wata na Oktoba.

'Yar uwa, kafin ki je wurin mai iri, fara leƙa rijiyar. Ruwan sama na ɗaukewa a Kaduna cikin Oktoba, daga nan guga ne zai raini duk abin da kika shuka. In kin san rijiyar na ja baya wajen Fabrairu, kada ki ɗauko abin da zai kai wata huɗu a ƙasa. Fara da alayyafo, cikin sati 3 zuwa 4 kin soma yanka. Latas da kabeji da karas suna son sanyin hunturu. Shi karas ba a dasa shi, a kan kunya ake yafa irin, kuma sai ƙasa mai laushi, in ba haka ba ya fito a karkace. Kuɓewa kam ki haƙura da ita, sanyi na tsugunar da ita.

Wani malami daga Kawo, mai fadama a bakin Kogin Kaduna, ya ce: tumatir ko albasa? Kuma irin gwangwani ya yi tsada, ko ya sayi na awo?

Malam, ni da filina ne, albasa zan ba kaso mafi girma. Renonta na cin sati 6 zuwa 8 kafin dashe, ta fi tumatir jan rai, amma in ta bushe da kyau ana ajiye ta har farashi ya ɗaga. Tumatir ba ya jiran kowa. A Janairu da Fabrairu kwanduna ke cika kasuwa, manomi ya sayar a yadda aka taya, abin da ke ci mini rai duk shekara. Ga kuma tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda a 2016 ta cinye gonakin tumatir har gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta.

In za ka yi tumatir, zuba reno yanzu, ka dasa bayan sati 3 zuwa 4, don ya yi 'ya'ya kafin zafin Maris ya fara kakkaɓe fure. Kada ka sa shi inda ka cire tattasai ko gauta, dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya.

Batun iri, sayi na gwangwani ko leda da ba a buɗe ba, ka duba ranar lalacewarsa. In na awo aljihu ya iya, ɗebi ƙwaya 10 ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma na mako guda. In ƙasa da 7 suka tsiro, nemi wani mai irin.